Harafin Nun a Ƙofar Gida: Kiristocin Ninawa da Masu Agaza Musu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ya kuma zauna kusa da dattawa suna ba da labarin zuwan Turawa, ya san cewa kalmar nan Nasara, ko Anasara kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke faɗinta, ta daɗe da zama sunan farar fatar da ya zo da igwa da tuta da makarantar boko, har ta kai idan aka ce zamanin Nasara, hankalin mai sauraro yakan tafi ga mulki tun kafin ya tuna da addini. Alhali kuwa kalmar Larabci ce, da ita Alƙur'ani mai girma ya kira mabiya Annabi Isa, alaihis salam, ɗaruruwan shekaru kafin Baturen farko ya ga ruwan Kwara. Na fara da wannan ne domin a watan Yuli na 2014, a birnin Mosul na arewacin Iraƙi, mayaƙan ƙungiyar Da'ish sun bi unguwa-unguwa da gwangwanayen fenti suna rubuta harafin nun, wato harafin farko na wannan kalma, a jikin katangun waɗansu gidaje, suna ƙarawa da cewa gidan ya zama mallakar daularsu. Masu gidajen nan kuwa ba Turawa ba ne, ba kuma baƙi ba ne, kakanninsu suna zaune a bakin kogin Dijla tun ba a aza tubalin Bagadaza ba.

Kiristanci ya shiga ƙasar da ke tsakanin Dijla da Furatu tun ƙarnukan farko na Miladiyya, kuma har yau mutanen ƙauyukan filin Ninawa, wato ƙasar mutanen Annabi Yunusa, suna magana a gida da wani harshe da ake kira Suret, jikan Aramiyanci, harshen da masana suka ce da shi Annabi Isa ya yi magana da mutanensa. Sun kasu ɗariƙu: akwai Kaldaniyawa da Suryaniyawa Katolika, waɗanda ke bin Fafaroma, akwai Suryaniyawa Otodoks da Ashuriyawa, waɗanda ke da nasu shugabanni. A kan wani dutse gabas da Mosul akwai gidan ruhubanawa na Mar Matta, wanda aka kafa tun ƙarni na huɗu, yana nan har gobe. Da Musulunci ya iso ƙasar a zamanin Sayyidina Umaru, sai suka shiga cikin alkawarin zimma, suka zauna da addininsu da majami'unsu. A zamanin Abbasiyawa kuwa har suka zama ginshiƙan ilmi, domin Hunainu ɗan Ishaƙa, mutumin Hira, wanda ya rasu a 873, shi ne ya juya littattafan likita Jalinusu masu yawa daga Yunananci zuwa Suryananci da Larabci, zuriyar Bukhtishu suka yi ta gadon likitancin halifofi uba da ɗa, shugaban cocinsu Timotawus na Ɗaya kuma ya zauna gaban Halifa Mahdi suka yi muƙabala ta kwana biyu a kan addini, aka tashi ba wanda ya zare takobi. Saboda haka duk almajirin da ya taɓa buɗe littafin ɗibbu ko na manɗiƙi a zauren malaminsa, ya ci daga hannun mutanen nan ko bai sani ba. Ba na cewa zaman ya kasance lami lafiya kullum, domin an yi zamunan ƙunci, an yi kisan gilla na 1915 a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, an yi na Simele a 1933; amma duk da haka sun wanzu, har ana ƙiyasta yawansu da sama da miliyan ɗaya kafin 2003.

Ruwa ba ya tsami banza. Mamayar da Amurka da Ingila suka yi wa Iraƙi a 2003 ta rushe hukuma ba ta kafa wata a madadinta ba, fitina ta ɓarke tsakanin Sunna da Shi'a, kowane ɓangare da dakarunsa, Kiristoci kuwa, da yake ba su da ƙabila mai bindiga da za ta nemi fansar jininsu, kuma ana jingina su ga 'yan mamaya saboda tarayyar sunan addini, sai suka zama abin farautar masu satar mutane da masu tayar da bam. An harbe Fada Ragheed Ganni da mataimakansa uku a Mosul a watan Yuni na 2007 bayan sun fito daga sujada. An sace Akbishop Faraj Rahho a 2008, aka tsinci gawarsa bayan mako biyu. A ranar 31 ga Oktoba 2010 aka shiga cocin Sayyidatun Najat a Bagadaza ana tsakiyar ibada, mutum 58 suka halaka. Kowane irin wannan hari sai ya tashi ayarin iyalai zuwa Sham da Urdun da Labanan, daga can kuma zuwa Detroit ko Sidni ko Suwidin.

Mosul ta faɗi hannun Da'ish ranar 10 ga Yuni 2014. Bayan 'yan makonni aka yi shela cewa kowane Kirista ya zaɓi ɗaya: ya musulunta, ko ya biya jiziya, ko kuwa takobi, aka ba su wa'adi zuwa tsakar ranar Asabar 19 ga Yuli su bar gari, a shingayen bakin gari kuma aka raba su da kuɗi da zinariya da motoci da takardun shaida, har waɗansu suka fita da tufafin jikinsu kaɗai. Da yawa suka fake a Ƙaraƙosh, babban garin Kiristocin Iraƙi, mai mutum wajen 50,000, amma a daren 6 ga Agusta dakarun Kurdawa da ke tsaron yankin suka janye, kafin gari ya waye mutum kimanin 120,000 sun kama hanya daga garuruwan filin Ninawa, masu mota a mota, marasa ita a ƙafa, cikin zafin Agustan Iraƙi wanda ko inuwa ba ta magani. A cikin ayarin nan akwai wani fada mai suna Najeeb Michaeel, wanda ya cika motoci da tsofaffin littattafan rubutun hannu, na Kirista da na Musulmi duka, ya tsallake da su shingen Kurdawa da taimakon masu gudu 'yan'uwansa. Wajibi ne a faɗi a nan cewa bala'in bai tsaya kan Kirista ba: Yazidawan Sinjar sun ga abin da ya fi wannan muni, an kashe mazansu an sayar da matansu, an yi wa ɗaruruwan matasan Shi'a kisan gilla a sansanin Speicher, an kashe limaman Sunna da suka ƙi yin mubaya'a, kuma a cikin Yulin nan ne aka tarwatsa masallacin da ke kan kabarin da ake jingina wa Annabi Yunusa.

Inda masu gudun nan suka dosa shi ne Ankawa, unguwar Kiristoci a birnin Erbil, kuma da yake mutum idan ya firgita inda ya sani yake nufa, ƙofar coci suka ƙwanƙwasa. Suka kwana a kan bencinan sujada da farfajiya da lambuna da azuzuwan makarantu da gine-ginen da ba a gama ba. Akbishop Bashar Warda na Kaldaniyawa da sauran shugabannin ɗariƙu, da sistocin da su ma gudu suka yo, suka wayi gari da dubban bakuna a hannunsu, ba su da taskar da za ta ɗauki ko mako guda. A nan ne taimakon coci-coci na duniya ya shigo, kuma shi ne abin da nake so mai karatu ya fahimci yadda yake aiki, domin a wurinmu sau da yawa akan ji sunansa ne kawai cikin zargi ko cikin yabo, ba a san cikinsa ba.

Mafi girma cikin masu wannan aiki a ɓangaren Katolika ita ce ƙungiyar Aid to the Church in Need, wato agaji ga cocin da ke cikin bukata, wadda hedkwatarta ke Königstein a Jamus. Asalinta yana da ban sha'awa, domin a 1947 wani fada ɗan Holan da ke zaune a Beljiyam, Werenfried van Straaten, ya riƙa bin manoman ƙasar yana roƙon abinci saboda miliyoyin Jamusawan da aka koro daga gabashin Turai, alhali shekara biyu ko uku kafin nan sojan Jamus ne ke taka waɗannan manoma. Wato an kafa ta ne a kan ciyar da wanda jiya yake maƙiyi. Kuɗinta ba daga baitulmalin gwamnati yake fitowa ba, daga baikon talakawan coci ne da wasiyyar mamata, tsohuwa a Sifen ko ɗan fansho a Ostareliya, kowa da abin da ya sawwaƙa. Ba ta kuma aika ma'aikatanta su kafa sansani. Bishop ko fada ko shugabar sistoci na wurin shi ke rubuto bukata, a bincika, a aiko, ya kawo lissafi. Ta wannan hanya aka sayi abinci wata-wata ga dubban iyalai, aka kafa ɗakunan kwantena kafin sanyin hunturu, aka gina makarantu takwas na wucin gadi a Erbil da Dohuk don kada yara su yi asarar karatu, daga baya aka riƙa biyan kuɗin haya domin a fitar da mata da 'yan mata daga cunkoson tantuna, abin da duk mai iyali ya san darajarsa. Abin da ƙungiyar nan kaɗai ta kashe a Iraƙi cikin shekarun da suka biyo ya haura Yuro miliyan 40. Ba ita kaɗai ba ce: akwai Knights of Columbus ta Amurka, da majalisar bishop-bishop ta Italiya wadda ta taimaka aka buɗe Jami'ar Katolika ta Erbil a ƙarshen 2015, da Open Doors a ɓangaren Furotesta, wadda ta samo asali tun 1955 kuma take fitar da jerin ƙasashe 50 da ta ga Kirista ya fi shan wuya a cikinsu kowace shekara.

Da aka ƙwato Ƙaraƙosh a watan Oktoba na 2016, waɗanda suka fara leƙawa sun tarar da gari ba kowa, an ƙone gidaje, an haƙa ramuka a ƙarƙashinsu, babban cocin Ɗahira kuwa, wanda ya fi kowane coci girma a Iraƙi, an cinna masa wuta an mai da farfajiyarsa wurin koyon harbi. A 2017 ɗariƙu uku, waɗanda a da ba kasafai suke haɗa aljihu ba, suka kafa kwamiti guda na sake gina Ninawa. Injiniyoyi suka bi gida-gida suka ƙirga kusan 13,000 da suka lalace, suka kasa su uku, wanda ya rushe ƙasa, da wanda aka ƙone, da wanda ya ɗan taɓu, suka fara da na ƙarshen domin da kuɗi kaɗan a mayar da iyalai masu yawa. Aka raba wa masu komawa dashen zaitun su shuka a gidajensu. Gwamnatin Hangari ta ɗauki nauyin garin Telskuf, Knights of Columbus ta ɗauki Karamles. Wajen rabin mutanen Ƙaraƙosh suka komo, kuma a ranar 7 ga Maris 2021 Fafaroma Francis ya tsaya a cikin cocin nan da aka ƙone, an gyara shi, kwana ɗaya bayan ya ziyarci Ayatullahi Sistani a gidansa na Najaf.

To, akwai masu cewa wannan taimako son kai ne, tun da an ware 'yan addini guda. Ni ban ga aibi ba ga mutum ya fara da ɗan'uwansa, domin mu ma idan an yi shelar taimakon Falasɗinawa ko Rohingya a masallacin Juma'a ba mu ɗauka mun zalunci kowa ba, kuma Akbishop Warda ya sha kokawa cewa agajin manyan hukumomin duniya bai cika isa ga mutanensa ba, da yake ba a sansanonin hukuma suke zaune ba. Sharaɗin dai shi ne kada ƙofar ta rufu ga wanda ya zo da ciwo, kuma shaida ta nuna asibitocin coci a Ankawa sun duba Bayazide da Musulmi, jami'ar nan ma tana da ɗalibai daga cikinsu. Inda nake ganin haɗari na gaskiya shi ne wurin ba da labari da wurin siyasa. Mai neman baiko yana bukatar labari mai taɓa zuciya, kuma labarin da ya fi saurin buɗe aljihu shi ne wanda ya raba duniya gida biyu, ya ɗora laifin 'yan ta'adda a kan al'umma sukutum. Idan kuwa aka yi haka, to, an ƙara wa Kiristan Mosul nauyi, domin shi ne zai koma ya zauna da maƙwabcin da aka zaga da sunansa. Haka kuma gwamnatin da ta gina Telskuf ita ce ta kafa shingen waya a iyakarta a 2015 don tare 'yan gudun hijira, mafi yawansu Musulmi. Shi ya sa Kadinal Louis Sako, a lokacin da yake shugabantar Kaldaniyawa, ya yi ta nanata cewa ba ya son a kafa rundunar Kirista zalla, ba ya kuma son a ɗauke su 'yan amanar Turai, abin da yake nema shi ne a ɗauke su 'yan ƙasa daidai da kowa. Akwai kuma wata matsala da ta fi waɗannan ciwo, wadda ba ta da amsa mai daɗi: Faransa ta yi tayin mafaka tun a Yulin 2014, bishop yana roƙon mutanensa su zauna kada shekara dubu biyu ta ƙare a hannunsu, uba kuwa yana duban 'ya'yansa yana tuna daren Agusta. Ban isa in zargi ko ɗaya daga cikinsu ba. Yau ana ƙiyasta Kiristocin Iraƙi ba su wuce 250,000 ba.

'Yancin addini, a takarda, ba sabon abu ba ne. Sashe na 18 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, wadda Charles Malik, Balarabe Kirista ɗan Labanan, yana cikin masu tsara ta, ya tabbatar wa kowa 'yancin riƙon addininsa da bayyana shi. Ita kanta Cocin Katolika sai a 1965, a babban taronta na biyu na Batikan, ta fito fili ta karɓi wannan ƙa'ida ga kowa da kowa, bayan ƙarnukan da ita ma ta tsananta wa waɗanda suka saɓa mata. Kuma adalci ne a ce rahoton da ƙungiyar Königstein ke fitarwa duk shekara biyu yana lissafa zaluncin da ake yi wa Musulmin Rohingya da Uigur da na Indiya kamar yadda yake lissafa na Kirista. Tsarin mulkin Iraƙi na 2005 ya ambaci Kirista da Yazidawa da Sabi'awa da sunansu, ya lamunce musu addininsu, har an ware wa Kirista kujeru biyar a majalisa. Duk waɗannan takardu suna nan daram a daren da aka gudu daga Ƙaraƙosh.

Malaman Musulunci ba su yi shiru ba. A watan Satumba na 2014 malamai sama da 120 daga ƙasashe daban-daban, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Bagadadi, shugaban Da'ish, suka bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin usulul fiƙhu, suka bayyana cewa Kiristocin nan ma'abota tsohon alkawari ne, ba abokan yaƙi ba, kuma cutar da su haramun ne. A Janairun 2016 aka yi taron Marrakesh ƙarƙashin jagorancin Shaihu Abdullahi bin Bayyah, aka kafa hujja da Sahifar Madina a kan cewa zama ɗan ƙasa shi ne tushen haƙƙi. Azhar ma ta bi wannan hanya a 2017. Mai karatun tarihi zai tuna cewa Musulmin farko da aka tsananta wa a Makka, wurin Najjashi, sarki Kirista na Habasha, suka sami mafaka, kuma bashin nan bai tsufa ba.

Mu ma nan ba baƙin wannan labari ba ne. A shekarar da Mosul ta faɗi, a cikinta Mubi ta faɗi hannun Boko Haram, dubban mutane suka kwararo Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe musu harabar cocin Saint Theresa ba tare da tambayar addinin kowa ba, kuma da ya gina wa waɗanda suka kasa komawa gidaje da taimakon Katolikan Jamus, ya gina wa Musulmin cikinsu masallaci, duk da surutun da ya sha daga waɗansu nasa. A Filato kuma, a 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga.

Abin da kuɗin baiko bai iya saya ba shi ne irin wannan tsayuwa a ƙofa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma idan ka saurari Kiristocin Mosul da ke Erbil ko ƙasashen waje, za ka ji ba baƙin mayaƙan da suka zo daga nesa ne suka fi tsaya musu a rai ba, a'a, tambayar da ke cinsu ita ce wa ya nuna wa mai fenti gidan, tun da baƙo bai san ƙofar Kirista daga ta Musulmi ba. Shi ya sa Ƙaraƙosh, inda kusan kowa Kirista ne, ta farfaɗo, Mosul kuwa ba ta farfaɗo ba, ko da yake hukumar UNESCO, da kuɗin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta sake gina masallacin Nuri da hasumiyarsa mai karkata tare da coci biyu na tsohon gari, magina Musulmi da Kirista suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma samarin Musulmi 'yan sa-kai sun share ɓaraguzan coci-coci da hannunsu suna kiran maƙwabtansu su dawo.

A ranar da Fafaroma ya tsaya a dandalin coci-coci na tsohon Mosul, cikin rusassun katangu, fadan Suryaniyawa da ya koma garin, Ra'id Kallo, ya ba da shaida a gabansa. Ya ce ya fita a 2014 da iyalai 500 na cocinsa, mafi yawansu sun ƙetare teku, waɗanda ke cikin garin a lokacin ba su wuce iyalai 70 ba, sauran suna tsoron dawowa. Ya ce shi dai ya dawo, Musulmin gari suka karɓe shi da girmamawa, har aka gayyace shi Maulidi a masallacin da a cikinsa aka karanta takardar korar Kirista.